Kariyar da Ta Haɗiye Munduwa

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sau uku ina sayen littafin rubutu saboda shi, sau uku jikokina na cinye shi da aikin makaranta ban sa ko harafi ɗaya ba. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba. Daga ƙarshe na tambayi limamin unguwarmu a nan Wurno ko akwai laifi. Ya ce, "Altine, abin da ka gani, hwaɗi. Abin da ba ka gani ba, bar ma Allah." A kan wannan sharaɗi na ɗauki biro.

Sana'ata rainon kariya ce. Ga wanda bai san ta da suna ba, ita ce gajeruwar itaciyar nan mai gindi kamar tulu, wadda ke zubar da ganye da rani ta fitar da fure ja mai fari a ciki, lokacin da kowane tsiro ya bushe. Yanzu samari sun shigo sana'ar. Ina ganinsu a bakin hanyar Goronyo da robobi jere, suna nuna wa mutane hotuna a waya. Ɗayansu ya taɓa ce mini, "Baba, mi ad da wuya ga abin ga? Icce na da ko ruwa bai so!" Abokansa suka yi dariya. Ban ji haushi ba. Amma saboda su, da kuma wata buƙata da zan faɗa a ƙarshe, nake rubutun nan.

Aikina na farko a hannun Kawu Sanda, ƙanin mahaifiyata, yankan reshe ne. Shi ya yi shekaru yana kula da furannin wani ofishi a Rabah kafin ya dawo gida ya buɗe lambu kusa da fadama. Na yanka reshen, ruwansa ya tsatso mini a yatsa, na ɗaga hannu zan share gumi a ido. Sai na ji duka a hannuna har wuƙar ta faɗi. Ya ce, "Kai, wawan wa ag ga? So kaka yi in kai ma uwaka makaho?" Ranar na san ruwan kariya guba ne. Akuya ba ta cinta, jaki ba ya cinta, gara ma sai ta ruɓe take kusantarta. Har yau in na gama yanka sai na wanke hannu da toka da sabulu sau biyu, wani lokaci in dawo daga hanya in sake wankewa don ban tabbata na wanke ba.

Reshe ba a yankewa a dasa nan take. A karkace ake yanka shi, a tsoma bakin a toka, a rataye a inuwa kwana bakwai har raunin ya ƙafe. Ƙasar kuwa yashin gulbi ce kashi biyu, da takin shanu wanda damina ta riga ta wanke, da dakakken gawayi. Amma wadda aka dasa daga reshe ba ta cika yin babban gindi da wuri ba. Mai son tulu sai ya bi ta iri. Kwanson irin yana fitowa biyu-biyu kamar ƙahon maraƙi, kuma dole a ɗaure shi da zare kafin ya fashe, in ba haka ba iska ta kwashe 'ya'yan, don gashi gare su. Daga ƙwaya zuwa gindin da zai cika tafin hannu biyu, shekaru ne. Wannan shi samari ba su sani ba.

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi wadda ba a yanka komai da ita sai kariya, dagi, kalme wato fartanya, buhun gawayi, da tukwanen ƙasa masu huda a gindi. Gawayin nan ba ya rabuwa da ni. Kawu ya hore ni cewa duk inda na tumɓuke kariya in zuba gawayi a ramin kafin in rufe, wai guntun saiwar da ya saura yana ruɓewa ya jawo gara. Ban taɓa tabbatar da haka ba, amma ban taɓa bari ba.

Masu saye yawanci tsofaffin ma'aikata ne da suka gina gida, da hajiyoyi masu son abin kallo a tsakar gida. Su ke kashe ta da ƙauna. Ka ce a ba ta ruwa sau ɗaya a mako, ka dawo ka tarar ana zuba mata ruwan alwala sau biyar a rana. Akwai kuma wani masunci da ya zo har lambu yana neman saiwa, ya ce magani zai yi. Kawu ya dube shi ya ce, "Maganin kihi ko?" Ya kore shi. Ba mu sayar wa mai zuba ta a ruwa.

Doka ɗaya ce Kawu ya fi maimaitawa: kada in tone tsohuwar kariya in ban san wanda ya shuka ta ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ta daji warwatse taka hita. In ka gan ta jere, hannu na. Hannu kuwa bai shuka kariya banza." Bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba. Da na sake tambaya, da wataƙila ban rubuta wannan ba.

Shekarar da gulbin Rima ya yi babbar ambaliya, Kawu ya riga ya rasu, lambun yana hannuna. Ruwa ya kwana tara a cikinsa. Da ya janye na shiga ina taɓa gindin kowace, yatsana na nutsewa kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Rainon shekara goma sha, har da uwayen da nake samun iri, babu wadda ta tsira. Ga iyali, ga mutanen da na yi wa alkawarin manyan itatuwa. A cikin wannan hali wani makiyayi ya gaya mini a kasuwar Rabah cewa akwai wani kufai a kan hanyar Gandi, inda aka tashi tun da daɗewa saboda rijiya ta ƙafe, kuma kariya na nan tsaye manya-manya babu mai su.

Na je da hantsi, na yi hayar amalanken shanu daga bakin hanya. Muna isa wata tsagaggiyar kuka mai amalanke ya tsaya. Ya ce, "Malam, nan zan jira ka. Shanuna ba su son wurin can." Na ce shanu ne ko kai? Ya ce, "Dut ɗaya."

Na ƙarasa da ƙafa. Babu bango, babu danga, sai farin rairayi. Ga su nan guda bakwai a layi ɗaya, daga gabas zuwa yamma, tsakanin kowace da 'yar uwarta bai fi taki biyu ba. Babu ganye ko ɗaya, sai fure, ja wur, har ya zuba a ƙasa. Ban ji kukan tsuntsu ba. Na tsinci bakina yana yin sallama, ban san wa nake yi wa ba. Maganar Kawu ta faɗo mini, sai na ce wa kaina ragowar shinge ne. Ban tsaya na tambayi kaina wane irin shinge ne mai gefe ɗaya ba.

Da na kafa dagi ta arewacin ta farko, sai ya shige da sauƙi fiye da yadda ya kamata, kamar ƙasar da aka taɓa tonewa. Na zare shi na koma ta kudu, inda ƙasar ke da tauri. Haka na yi wa duka bakwai, ta kudu. Na ci karo da katangar fasasshiyar tukunya sau biyu, na ture ta gefe. Ta ƙarshe, ta can yamma, ita ce ta fi kyau. Gindinta ya kumbura sama da ƙasa, ya tsuke a tsakiya kamar an ɗaure mata ƙugu. A cikin tsukin na ji wani abu mai tauri, na kankare da farce, sai ga jan ƙarfe ya yi tsanwa, itacen ya haɗiye shi saura kaɗan. Na ce wayar ƙarfe ce. Na zuba gawayi a ramuka bakwai, na rufe, na jawo itatuwan ɗaya-ɗaya a kan buhu har gindin kuka. Mai amalanke bai taɓa ko ɗaya ba.

Cikin wata guda na sayar da su duka. Uku a Wurno, biyu a Goronyo, biyu a Rabah. Mai ƙugun nan wani malamin asibiti ne da ke zaman haya a Rabah ya ɗauka, ya sa ta a rabin duro. Ya ce siffarta ce ta burge shi.

Shekara uku babu wadda ta yi fure. Wannan yana da bayani: tsohuwar itaciya in an yanke mata saiwa takan yi fushi, ga kuma yawan ruwa. Haka na riƙa gaya wa masu ƙorafi, kuma gaskiya ne.

Wata Hajiya a Goronyo ta aiko in zo in duba tata. Na je bayan azahar. Na tarar da jikarta, yarinya 'yar shekara huɗu, zaune a gindin itaciyar da ƙaramin kwano, tana gutsurar tuwo tana ajiyewa a ƙasa. Na ce a ɗauke ta, itacen guba ne. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Ige ba ta ci ba." Na ce wace ce Ige? Ta nuna kariyar. Hajiya ta yi dariya ta ce, "Rabu da ita, Malam. Kullum haka taka yi. Mu dai ba mu da Ige gidan ga, ban san inda ta jiyo shi ba." Na duba saiwa, lafiya lau. Na ce a rage ruwa, a kewaye ta da ƙaya saboda yara. Na tafi.

Bayan haka da 'yan watanni, ranar kasuwar Rabah, wata tsohuwa ta zo rumfata tana dogara sanda. Idonta ya yi fari, da ƙyar take ganin hanya. Ba ta yi ciniki ba. Ta durƙusa tana bin tukwanen ɗaya bayan ɗaya, tana shafa gindin kowace kariya da yatsu, tana zagaya shi. Na ce, "Inna, a yi hankali da ruwanta."

Ta ce, "Na riga ka saninta, ɗana. Kai na mutumin Wurno da yat tahi kuhwanmu da dagi?"

Na ce ni ne.

Ta zauna a ƙasa. Ta ce sunanta Tumba, a kufan nan aka yi mata aure. Wata shekara baƙon dauro ya shigo musu, ya ɗauki yara bakwai kafin damina ta faɗi. Ƙasarsu rairayi ce, babu dutse, in an kafa itace gara ta ci, in an kifa tukunya shanu su fasa. Sai kowace uwa ta dasa kariya a kabarin ɗanta, ta wajen kai, don ita ce dabba ba ta ci, kuma ba ta neman mai ba ta ruwa. Ko bayan an tashi daga garin, Inna Tumba takan je bayan kaka ta yi addu'a ta dawo. Ciwon ido ya hana ta shekaru, da ta samu aka kai ta, sai ta tarar da fili.

Ta ce, "Ban zo hwaɗa ba. Wurin yanzu gonar wani ta, ruwan hwarin damina za shi sa garma. Ya ce in nuna mai inda suke shi bar wurin. To mi zan nuna mai? Kai kaɗai ka san inda ka tona."

Washegari na je. An sare kukar an ƙone kututturen, rijiyar ta cike, iska ta daidaita rairayin ko'ina iri ɗaya. Na tsaya inda nake zaton nan ne, na juya, sai in ga can ma kamar nan. Mai gonar, mutum mai kirki, ya ce, "Malam, ni ban son in taka ɗiyan mutane. Amma ban iya barin gona dut don zato. Ka ga hadari ya hwara haɗuwa."

Sai na tuna da gawayi. Na sa maƙeri ya yi mini siririn ƙarfe mai tsawon kamu uku, da ɗan lanƙwasa a baki. Na riƙa soka shi ina zarowa ina duba bakin, taki ɗaya, soka ɗaya, daga safe har la'asar. Kowace soka sai na yi bismilla, don ban san abin da ke ƙarƙashina ba. Kwana uku farin rairayi nake zarowa. A rana ta huɗu, kusa da azahar, bakin ƙarfen ya fito baƙi. Na auna taki biyu yamma, baƙi. Haka har bakwai. Na ƙirga sau uku. Mai gonar ya cire hula ya mayar, ya je ya saro ƙaya da kansa muka kewaye wurin, muka bar fili mai yawa ta arewa. Kwana biyu bayan haka aka yi ruwan farko.

Na ɗauka magana ta ƙare. Inna Tumba ta ce, "Saura ka maido su. Kowa da tashi."

Na bi gida-gida ina faɗin gaskiya, ina ba da matasan kariya a madadi. Wani ya zage ni, kuma yana da gaskiya. Wani tun ban rufe baki ba ya ce, "Ɗauki abinka kahin la'asar, kak ka bar min ko ƙasar." Shida na samu. Na sa aka kai Inna kufan, na jera su a gabanta don ta faɗa mini ramin kowace. Ta riƙa shafawa tana faɗa: wannan mai rassa biyu ta Bube ce, ɗan wance, wannan mai tabon wuta ta Sa'a ce. Da ta zo kan wadda na ɗauko daga gidan Hajiyar Goronyo, ta zagaya gindin da tafinta ta ce, "Wagga Ige ta. Rami na ukku."

Ban taɓa ba ta labarin yarinyar nan mai kwano ba. Ban gaya wa kowa ba. Ige suna ne da ya cika ƙasar nan, kowace unguwa akwai Ige, yaro na iya jinsa a bakin mai tallan nono. Haka nake gaya wa kaina. Liman ya ce in faɗi abin da na gani, to abin da na gani ke nan.

Da ta gama shida ta miƙa hannu tana lalube inda ta bakwai za ta kasance. Ta ce, "Ina mai munduwa?" Na ce wace munduwa? Ta ce ranar da ta dasa reshen ta zare munduwar hannun 'yarta ta zura a jikinsa, don kada ta ɓace mata cikin sauran. Yarinyar shekararta uku. Ita kaɗai ta taɓa haifa mace.

Na koma Rabah. An yi wa malamin asibitin nan canjin wurin aiki tun bara waccan. Mai gidan hayar ya ce ya ga an ɗora duron a mota tare da katifa. Wani ya ce wajen Goronyo aka kai shi, wani ya ce ya bar aikin, wani ya ce ya ba da itaciyar kyauta a hanya don ta yi nauyi. Na bi kowace magana har inda ta ƙare. Na leƙa gidajen da ba su ƙirguwa, har aka fara yi mini kallon ɓarawo.

Shidan nan da na mayar ramukansu, ranin da ya biyo baya, duk suka yi fure. Wannan ma yana da bayani, sun koma rairayinsu, babu mai zuba musu ruwan alwala. Rami na bakwai kuwa, ba tare da na gaya wa Inna ba, na dasa masa wata mai kyau daga iri. Ta ruɓe. Na canza yashin na dasa wata, ta ruɓe. Ta uku ma haka, a tsakiyar rani, a ƙasar da in ka tona kamu biyu ba ka jin danshi. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban san kariya na ruɓewa babu ruwa ba. Da na gaya wa Inna, ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Bar wahal da kanka, ɗana. Wurin da mai shi." Yanzu tukunya na kifa a kai.

Samari masu robobi, abin da zan gaya muku ke nan. Na ji wasunku sun fara shiga garuruwan da mutane suka gudu suka bari saboda 'yan bindiga, suna tono manyan kariya don sun fi tsada. Ku dubi yadda suke tsaye. In jere suke daga gabas zuwa yamma, in dagi ya shige da sauƙi ta arewa, ku zare shi ku yi addu'a ku koma gida. Masu wurin ba su manta ba, hanya ce ta hana su.

Hanyar kufan ma yanzu ba kullum take biyuwa ba. Inna Tumba ta dawo Rabah wurin dangi tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen da suka koma. Ba ta gani sam. Duk ranar kasuwa sai an kawo ta rumfata a bayan babur, ta zauna ta shafa gindin kowace kariya, har waɗanda ta shafa makon jiya. Ba ta taɓa yi mini gori ba. In ta gama sai ta ce, "Ba ta zo ba?" In ce ba ta zo ba, Inna. Bana numfashinta ya fara sarƙewa, sau biyu ana ɗauke ta kafin kasuwa ta ci.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, a Wurno ko Rabah ko Goronyo ko gaba da nan. In akwai tsohuwar kariya a gidanku ko gidan maƙwabta, wadda ba ku san asalinta ba, mai gindi tsukakke a tsakiya, wadda ta yi shekaru ba ta fure, ku sa yatsa a cikin tsukin ku zagaya. Wataƙila yanzu itacen ya rufe ƙarfen gaba ɗaya, sai dai ku ga ɗan tabo mai tsanwa a ɓawon. Kada ku yanka don ku gani, kada ku ƙara mata ruwa, ku wanke hannu bayan kun taɓa. Ku aiko a tambayi Altine mai kariya a kasuwar Rabah ko ta Wurno, zan zo da kaina in ɗauka, in ba ku wadda ta fi ta.

In kuma ƙananan yaran gidan sun riga sun sa mata suna, kada ku tsawata musu. Ku tambaye su a hankali, ku riƙe sunan, ku zo mini da shi. Inna ta gaya mini sunan 'yarta. Da gangan ban rubuta shi a nan ba.